Kanchan da Taguwar Sumar Khan

Tun da aka yanke wa Kanchan Porwal ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, mutanen layinsu a Ratlam suka mai da ita ma'ajiyar makullai. Duk wanda zai yi tafiya, biki ne ko ziyara, sai ya biyo ta shagon mijinta, ya hau sama ya miƙa mata makullin gidansa, ya ce ta riƙa sa ido tunda ita kullum tana nan. Ba da mugunta suke faɗa ba. Ƙafar robar da aka yi mata tana kai ta kicin, tana kai ta baranda, amma mijinta Ghanshyam ba ya bari ta kai ta ko bakin titi sai da shi. Shi ne ke tuƙa babur ranar da babbar mota ta matse su. Ya tashi da 'yar ƙujewa a hannu, ita kuwa sai a gadon asibiti ta farka. Daga ranar ya sayar da babur ya zama mai gadinta. In ta miƙa hannu za ta ɗauki tulu, ya riga ta. In ta ce za ta kasuwa, sai ya sauke kaskon da yake soya sev, soyayyar taliyar garin wake da yake sayarwa, ya bar masu saye a tsaye, ya ce ta faɗa masa abin da take so.

Duk hunturu wani Dilip Soni yakan haɗa wa 'yan unguwa tafiyar rahusa. Bas ɗaya yake ɗauka haya, a ɗora tukwane da buhun gari a sama, a tafi da kuku, a kwana a masauki mafi arha. A wannan shekara Jaisalmer ya ce za a je, kuma daren ƙarshe a cikin hamada za a yi shi, a tafi a kan raƙuma a dawo a kan raƙuma. Layin ya ɗauki zancen kamar za a je wata duniya. Kanchan tana jin su daga baranda suna gardamar ko raƙumi yana cizo.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Sarju Mausi, wato Inna Sarju, tsohuwar da ke gidan da ke kallon nasu, ta hauro tana nishi da makulli a hannu.

"Ungo, 'yata. Ki ce wa Ghanshyam ya riƙa zuba wa shukata ruwa, kar na dawo na tarar da kara."

Kanchan ta dubi makullin, ba ta miƙa hannu ba.

"Ki nemi wani, Mausi. Ni ma da ni za a tafi."

Ita kanta ba ta san za ta faɗi haka ba sai da ta ji shi a kunnenta. Amma da ya fito sai ta ji ya zauna daram, babu abin janyewa.

Ghanshyam ya yi magiya, ya yi fushi, ya kira 'yarsu Minu da ke aure a Indore don ta sa baki. Minu ta ce a ba ta mamanta, suka yi magana, ta ce wa uban ya saya mata rigar sanyi mai kauri. Da ya ga ba mafita sai ya ce to, su biyu za su je, kuma da sandunan dogarawa, ko tana so ko ba ta so.

"Ka ɗauko har da gadon asibiti in ka ga dama, Baban Minu," in ji ta. "Ni dai na ce zan hau raƙumi."

Tafiyar bas ɗin ba ta zo da sauƙi ba. Kujerun a matse suke, tagar gefenta ba ta rufuwa, Dilip kuma yana da usur da yake hurawa duk tsayawa kamar mai kiwon awaki. Kanchan ta ƙi kujerar gaba da aka ware mata, ta zauna cikin mata, ta ci abin da suka ci, ta rera abin da suka rera. A Jaisalmer ta hau har cikin tsohon birnin da ke kan dutse, a hankali, tana tsayawa kamar mai kallon kayan 'yan tireda alhali hutawa take yi. Ghanshyam na biye da ita rungume da sanduna biyu da ba ta taɓa ko kallo ba.

Ranar shiga hamada, bas ya sauke su da la'asar a bakin wani ƙauye, inda kwalta ta ƙare. Raƙuma na durƙushe a jere suna tuƙa, masu su na tsugune a inuwa. Gefe guda ga wata tsohuwar jif ana loda mata tukwane da barguna. Dilip ya hura usur ya fara raba mutane bibbiyu. Ya kira kowa bai kira Kanchan ba. Da ta matso sai ya yi murmushi ya nuna mata motar, ya kira ta Bhabhi, wato matar yaya.

"Bhabhi, ke ai mun yi miki gata. Ga kujerar gaba. Kafin waɗannan su iso kin sha shayi kin huta."

"Wa ya ce maka ina son gata?"

Dilip ya saci kallon Ghanshyam. Ghanshyam ya duƙar da kai yana gyara ɗaurin sanduna. Nan take ta gane tun a Ratlam suka ƙulla wannan, su biyu, a bayan idonta. Ta so ta yi masa tas a gaban jama'a, amma ta haɗiye. Ta juya ta nufi raƙuman, tana taka rairayi da kyar, don ƙafar roba ba ta san yashi ba.

Babban masu raƙuman wani dattijo ne mai jan rawani da farin gashin baki, Sumar Khan. Ya ga yadda take tafiya tun daga nesa, ya kuma riga ya ji labari daga bakin Dilip. Tun kafin ta buɗe baki ya girgiza kai, ya kira ta Baisa, kiran girmamawa ga mace a yankinsu.

"Baisa, ki yi haƙuri. Ba zan ɗora ki ba."

"Saboda me, Kaka?"

"Saboda in kin faɗo, ni za a kama. 'Yan sanda ba za su tambayi raƙumi ba. Wannan mai usur ɗin kuma ba zai ƙara kawo mini ko mutum ɗaya ba. Ina da bakuna da nake ciyarwa, na gida da na garke."

"To, tambaya ɗaya zan yi maka. Ni zan yi tafiyar, ko raƙumin?"

Ɗaya daga cikin masu raƙuman ya tuntsire da dariya. Sumar Khan ya harare shi, amma shi ma gashin bakinsa ya motsa.

"Tafiyar ba komai ba ce. Tashin ne. In ta ɗaga ƙafafun baya sai ki ga ƙasa ta taho miki. Masu ƙafa biyu ma na sha tsince su a nan."

"Ai ka ga ba a ƙafa abin yake ba ke nan. Ga yashi nan mai laushi. Ka ɗora ni, ka tashe ta, ka durƙusar da ita a gaban kowa. In na zame ko da taki ɗaya, da kaina zan je na zauna cikin tukwanen nan, ba za ka ƙara jin bakina ba. In ban zame ba, ka ja akala mu tafi."

Mutane sun riga sun taru. Sarju Mausi ta ambaci sunan abin bautarsu ta ce, "He Ram, yarinyar nan taurin kai kamar na uwarta." Ghanshyam ya matso yana cewa, "Kanchan, don girman Ubangiji," ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba. Sumar Khan ya daɗe yana kallon ta. Daga nan ya tofar da abin da yake taunawa, ya wuce manyan amaloli, ya tsaya kan wata tsohuwar taguwa mai ƙararrawa a wuya.

"Wannan Gulabo ce. Ta girme ki a hankali, ba ta gaggawa. Zo."

Ta dafa sirdi ta ɗaga ƙafar robar da hannu biyu ta tsallakar da ita, ta zauna. Ya nuna mata ƙarfen gaban sirdi ya ce ta riƙe, ta kwantar da bayanta baya sosai kamar mai ƙin a ja ta. Ya ce bismillah, ya yi wa taguwar wata 'yar tsawa. Gulabo ta yi gurnani, ta ɗaga baya. Kanchan ta ga rairayi ya taso zai mare ta, hannuwanta suka yi kamar za su tsinke daga kafaɗa. Ta cije leɓe ta danne. Sai aka wurga ta baya, sai gaba kuma, sai ga ta a sama, tana ganin rufin bas da kan kowa, har da sanƙon Dilip da bai taɓa bari a gani ba. Sumar Khan ya durƙusar da taguwar, ya sake tashe ta ba tare da ya yi gargaɗi ba. Ba ta zame ba.

"To," in ji shi, ya juya ga Dilip. "Ka ji da motarka."

Ghanshyam ya ruga ya ce shi zai zauna a bayanta. Sumar Khan ya dube shi tun daga tumbi har ƙasa, ya kira shi da laƙabin da ake yi wa attajirai.

"Seth-ji, taguwa ce, ba tirela ba. Kai kaɗai ma sai na roƙi wancan amalen."

Aka yi dariya, aka ɗora shi a kan raƙumin da ke bin nata. Da amalen ya tashi, ihun da ya yi sai da dawisu suka amsa daga cikin ƙauye.

Ayarin ya kama hanya. Da farko ƙasa ce mai tauri, da tumfafiya da ƙaya nan da can, da manyan fankokin lantarki suna juyawa daga nesa. Kanchan ta koyi sakin ƙugunta ya bi rangajin taguwar. Iska na kaɗa mayafinta. Wata barewa ta tsaya ta dube su ta yi tsalle ta ɓace. Duk bayan ɗan lokaci sai ta ji muryar mijinta daga baya, "Riƙe da kyau! Kin riƙe?" Ba ta amsa ba sai sau ɗaya, ta ce ya ji da kansa.

Amma ƙafar ta fara ba ta wahala. A ƙasa nauyin jikinta ne ke danne ta a wurinta. A nan kuwa lilo take yi a gefen taguwa, nauyinta na jan dungun, gumi ya jiƙa safar da ke ciki, kowane taku sai bakin robar ya goge fata. Tun tana jin ɗumi har ya koma raɗaɗi kamar an sa barkono. Ta san in ta yi magana za a tsaya, in aka tsaya za a kira jif. Ta yi shiru, ta matse cinya, ta sa ido a kan jan rawanin Sumar Khan da ke tafe a gaba riƙe da akala.

Suna gangara wani ɗan kwari, Gulabo ta yi taku mai nauyi. Kanchan ta ji maɗaurin ƙafar robar ya saki. Ta kai hannu, ta makara. Ƙafar ta sulluɓe daga cikin wando, da takalminta da safarta, ta faɗi tim a kan yashi.

Amalen Ghanshyam ya yi gefe a firgice. Sarju Mausi ta ƙwalla ƙara daga baya, "Ƙafarta! Ƙafarta ta cire!" Ayari ya tsaya cak. Ba ka jin komai sai ƙararrawar Gulabo.

Ban da mijinta da 'yarta da ma'aikatan asibiti, babu wanda ya taɓa ganin Kanchan ba ƙafar nan. Ko shanya safar dungun ba ta yi a baranda. Yanzu ga ta a sama, inda kowa ke ganin ta, ƙafar wando ɗaya na kaɗawa babu komai a ciki, ga abin da ta ɓoye shekara da shekaru kwance a ƙasa, bakin takalmin yana kallon sama. Wasu suka kau da kai. Ghanshyam yana ta kokawa da sirdi yana neman ya diro. Ta ji hawaye ya taho, ta ji kuma in ta bari ya zubo to tafiyar ta ƙare a nan.

Sumar Khan ya taka a hankali ya ɗauki ƙafar. Ya juya ta, ya hure yashin da ke jiki, ya ɗaga kai.

"Baisa, a mayar, ko a rataye?"

Ya yi tambayar ne kamar wanda ya tsinci butar wani. Kanchan ta ja numfashi.

"Rataye ta, Kaka. Tun ɗazu take damu na. Ita ma ta hau raƙumi ta ji yadda ake ji."

Ya ɗaure ta da igiya a gefen sirdi kusa da jarkar ruwa. Da taguwar ta motsa sai ƙafar ta shiga lilo tana harbin iska da takalmi. Kanchan ta dube ta, dariya ta kufce mata, irin wadda ba ta shirya ba. Wata daga cikin matan ta kama, sai ga ayari duka ya ɗauka, har Sarju Mausi tana share ido tana cewa a yafe mata, ita ta ɗauka ta gaske ce ta cire. Ghanshyam kaɗai bai yi dariya ba.

Rashin nauyin a gefe ɗaya ya sa tana karkata dama. Sumar Khan ya karɓi mayafinta ya zagaya ƙugunta da shi ya ɗaure a ƙarfen sirdi, ya cusa bargo a gefen hagu. Haka suka ci gaba har ƙasa mai tauri ta ƙare, rairayi tsantsa ya fara.

Sun tarar da jif ta riga su, kuku ya hura wuta a gindin wani babban tudun rairayi. Rana ta yi ƙasa. Dilip ya hura usur ya ce duk mai son ganin faɗuwar rana ya hau yanzu. Mutane suka zubar da takalma suka kama hawa, suna zamewa suna ihu.

Kanchan ta zauna a kan bargo ta naɗe wando. Fatar dungun ta yi bororo ta fashe, wurin ya kumbura. Ta gwada mayar da ƙafar, zafin ya sa ta ga wuta. Ta ajiye. Ghanshyam ya kawo sanduna da sauri, fuskarsa har da ɗan haske, yau dai kayansa sun yi rana. Ta karɓa ta miƙe. Taku na farko sandunan suka nutse cikin yashi har rabi, ta tafi za ta kifa, ya tare ta.

"Shi ke nan, Kanchan. Kin hau raƙumi, kowa ya gani. Zauna na kawo miki shayi. Ranar da za ta faɗi ita ce dai wadda kike gani a Ratlam."

Ta dubi tudun. Ta yage gefen mayafinta ta naɗe dungun da kyau, ta ɗaure bakin wandon a kai. Sai ta durƙusa, ta kafa hannuwa biyu a yashi, ta fara rarrafe.

"Me kike yi haka? Mutane na kallo!"

"Sun riga sun ga abin da za su gani."

"To tsaya na goya ki. Na rantse zan iya."

Ta tsaya, ta juyo ta dube shi, gashinta ya zubo mata a fuska.

"Baban Minu, tun ranar haɗarin nan kake ɗauke da ni. Ka gaji, ni ma na gaji. In za ka zo, ka zo mu hau. In ɗauka ta za ka yi, koma wurin wuta."

Ya ajiye sandunan a kan bargo, ya cire takalmansa, ya biyo ta.

Hawan ya fi yadda ta zata. Duk inda ta kafa hannu sai yashi ya gudu, ta ci gaba kaɗan ta dawo baya kusan rabin abin da ta ci. Ƙarangiya ta manne mata a tafin hannu, ta tsaya ta cire da haƙori. Gwiwar dama ce ke yin aikin duka, ta hagu tana jan ta a ɗage don kar ciwon ya taɓa ƙasa. Wani buzuzu ya wuce ta gabanta yana tafiyarsa, ya bar ta a baya. Ghanshyam na gefenta yana haki kamar zugazugi, hannunsa na zuwa kusa da kafaɗarta yana komawa. Sau ɗaya ta zame sosai, ta ji ya ja numfashi, amma bai taɓa ta ba.

Ba su kai rabi da kyau ba ta ji tafi da sowa daga sama. Hasken da ke kan yashi ya dushe. Rana ta faɗi. Jim kaɗan mutane suka fara gangarowa, suna nuna wa juna hotuna a waya. Da suka gan ta sai suka raba hanya. Sarju Mausi ta tsaya a kanta.

"'Yata, ai an gama. Ba abin da ya rage a can sai iska. Juyo mu koma."

"Ku je, Mausi. Ina zuwa."

Ta ci gaba. Yashin da ke da ɗumi ɗazu ya fara sanyi a ƙarƙashin hannunta. Kafaɗunta na rawa. Ta daina ɗaga kai don kar ta ga abin da ya rage, ta riƙa kallon inda za ta sa hannu na gaba kawai. Tana cikin haka ta kai hannu ta ji babu tudu, iska ta bugi fuskarta.

Ta juya ta zauna. Ranar ta tafi, amma gefen sama ya yi ja wur kamar garwashi, tuddai sun jeru har iyakar gani, babu gida babu waya babu kowa. Can ƙasa wutar kuku ta zama 'yar ƙarama, raƙuma sun zama kamar duwatsu. Ghanshyam ya iso bayanta da rarrafe shi ma, ya zube rigingine, tumbinsa na hawa da sauka.

"Na mutu," in ji shi. "Ki gaya wa Minu shagon nata ne."

"Tashi ka gani, malalaci."

Ya tashi zaune da kyar. Ya kamo hannunta ya juya tafin, ya shiga cire mata sauran ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ta bar shi.

"To yanzu ta yaya za mu sauka?" ya tambaya.

Kanchan ta ɗaga dungun da hannu ɗaya, ta tura jikinta da ɗayan. Yashi ya kwashe ta, ta tafi suuu a zaune kamar yarinya, tana ihu. Ta ji shi a baya yana kiran sunan Ram, sai ga shi ya wuce ta yana birgima, ya isa ƙasa kafin ita, baki cike da rairayi.

Kuku ya yi gurasar gero a kan garwashi, da dal, wato miyar wake mai tafarnuwa, aka ci da hannu a zagaye da wuta. Sumar Khan ya tafasa ruwa da gishiri ya kawo mata a kwano, ya juya baya har ta gama wanke ciwon. Sanyi ya sauko da ƙarfi. Aka shimfiɗa katifu a fili, kowa ya shige bargo biyu. Dungun na bugawa kamar ganga, amma barci ya fi ƙarfinsa.

Da gari ya waye kumburin ya ƙaru. Dilip ya zo da kofin shayi a hannu, ba usur, ya tsuguna.

"Bhabhi, ba wai na raina ki ba ne. Amma ga mota nan in kina so."

"Na gode, Dilip Bhaiya, ɗan'uwana. A kan Gulabo na zo, a kanta zan koma."

Ghanshyam kuwa da ya miƙe sai ya kasa haɗa ƙafafunsa. Sirdin jiya ya saluɓe masa cinyoyi, yana tafiya a tale kamar agwagwa. Ya dubi amalen, amalen ya dube shi. Ya dubi motar.

"Shiga," in ji Kanchan.

"Na bar ki ke kaɗai?"

"Ni da mutum nawa? Ga Kaka, ga Mausi. Je ka sa a dafa mana shayi a bakin hanya."

Ya tsaya yana jujjuya hula a hannu. Ta ga yadda abin yake yi masa wuya, ta bar shi ya yanke da kansa. Can ya je wurin Sumar Khan ya yi masa wata magana a kunne, dattijon ya ce, "Na ji, Seth-ji, na ji, tafi." Ya hau jif ya zauna tsakanin tukwane, yana waiwaye har tudu ya raba su.

Sumar Khan ya ɗaure ta kamar jiya, ya rataye ƙafar a wurinta. Da Gulabo ta tashi, Kanchan ta riga ta kwantar da baya tun kafin a ce mata. A hanya ta roƙe shi ya ba ta akalar. Ya ce a'a. Ta sake roƙo. Da suka fito ƙasa mai tauri ya miƙa mata, ya koma gefe yana tafiya hannunsa a baya, yana cewa taguwar ta san hanya ko da ba kowa a kanta, kar ta ɗauka wani abin kirki take yi.

Ciwon ya ɗauki makonni kafin ya warke, ta koma kan sanduna a cikin gida, Minu ta yi mata faɗa a waya har ta gaji. Da fatar ta haɗe, ta ce za ta Indore a duba ƙafar robar, don tun dawowarsu take ƙara in an taka. Ghanshyam ya raka ta tasha, ya sa ta a jirgin ƙasa, ya koma kan kaskonsa.

A wurin masu gyaran ƙafa, ma'aikacin ya kwance dunduniyar, rairayi ya zubo masa a kan tebur. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ina kika kai ta haka?"

"Hamada."

"An ce miki ƙafar nan ta yawon hamada ce? Kin ga yadda kika cinye maɗaurin?"

"To ka sa mai ƙarfi," in ji Kanchan. "Kuma ina da tambaya. In ta shiga ruwan gishiri, lalacewa take yi? Mijina bai taɓa ganin teku ba."